Taki Ashirin Zuwa Bakin Aljihu

Tela ne ya fara kiran matarsa Injiniya, kuma bai kira a hankali ba. Ranar da takardar shigarta kwaleji ta zo, a ƙofar shago ya tsaya, tef ɗin awo rataye a wuya, ya ƙwala sunan da ƙarfin da ya sa Mai Aski, maƙwabcinsa, ya kusa tafiya da kunnen mutum. Kafin mako ya zagayo duk layin ya ɗauka. Mai kanti ya ce Injiniya, mai guga ya ce Injiniya, har mahaifiyarta ta ajiye sunan da ta saba ta bi sahu.

To amma suna ba ya rubuta wa mutum jarrabawa. A zangon farko ta ci komai, ban da darasi ɗaya, wani lissafi da ake kira kalkulas. Shi ya yi mata ƙafar ungulu. Makaranta ta ba ta dama guda tak ta sake, ranar Litinin mai zuwa. In ta ci, ta wuce aji na gaba. In ta sake faɗuwa, sai ta tattaro littattafanta ta dawo gida, sunan kuma ya zauna mata a ka kamar ɗankwalin aro, kowa ya kira ta da shi yana danne dariya. Tela ya san haka, ya kuma san bakin wa ya ja. Shi da ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna, ga shi ya ɗinka wa matarsa suna tun bai ɗauki awo ba.

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan sai na ga sakamako," in ji ta. Tun daga ranar ya koma ce mata Ranki-ya-daɗe, in kuwa bakinsa ya kusa zamewa sai ya mai da shi tari.

Ranar Asabar da hantsi tana zaune a ƙarshen teburin yanka, ta ture ƙyallaye gefe ta baza takardunta. Tela bai yi nisa a boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa, don haka aka ba shi aiki: shi ke riƙe da bayan littafi, inda amsoshi suke. In ta gama, sai ya karanto a gwada.

"Maigida, karanto min ta bakwai."

Ya kawo littafin kusa da hanci. "Goma sha biyar. Sai baka. Uku manne da x, a tara da ɗaya. A rufe baka. Sai wani ɗan ƙaramin huɗu a sama, ya zauna kamar tsuntsu a kan katanga."

"Goma sha biyar?" Ta dubi takardarta. "Ni biyar na samu."

"To ai kin kusa. Saura goma."

"Ba a kusa a lissafi."

"A ɗinki ma haka," ya ce, don a zauna lafiya.

Ta jefar da biro ta dafe kai. Ta bakwai ke nan, kuma a cikin bakwai ɗin huɗu duk ciwo ɗaya suka mutu da shi. Tela ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana son tambaya, kunya ke hana shi.

"Wai ni Ranki-ya-daɗe, me ake nema ne a lissafin nan? Wani abu ne ya ɓace?"

"Saurin canji ake nema. In wannan ya motsa kaɗan, nawa wancan zai motsa. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Shi ne ya hana mu sakat wata uku?"

"Tsaya ka gani." Ta juyo masa da takardar, inda ta rubuta (3x + 1)⁵. "Abu ne a cikin abu. Na waje shi ne wannan biyar da ke sama. Na ciki shi ne duk abin da ke cikin baka. Sai ka sauko da biyar ɗin gaba, ka rage ɗaya a sama ya koma huɗu. To a nan nake tsayawa in ajiye biro. Ashe da saura. Sai ka shiga cikin baka, ka nemo saurin na ciki, a nan uku ne, ka ninka. Biyar sau uku, sha biyar. Ka'idar sarƙa ake ce mata."

"To tunda kin sani, ina matsalar?"

"Bakina ne ya sani. Hannuna bai yarda ba. Na gama da na waje, amsa ta yi kyau a ido, me zai kai ni ciki? Kuma don me za a ninka? Me ya hana a tara? Na tambayi malaminmu, ya cika allo da rubutu, ya juyo ya ce ai a bayyane yake. Ni kuwa abin da ban ga dalilinsa ba, da na zo shiga ɗakin jarrabawa sai ya tsaya a bakin ƙofa tare da jakata."

Tela ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ga Mai Aski ya faɗo shagon ba sallamar kirki, tumbi a gaba, gashin baki a murɗe, ƙaton agogo a hannu.

"Tela, ina rigata? Yau sati biyu kana ce min gobe. Gobenka ba ta wayewa ne?" Ya hango takardu. "A'a, Injiniya, ana fama?"

Tela ya yi tari a madadinsa.

Mai Aski ya gama sakandare, kuma bai taɓa bari layin ya manta ba. Ya ɗauki takarda ɗaya, ya nisanta ta da ido, ya gyaɗa kai kamar likita. "Wannan sabon yayi ne. Namu na da ba shi da baka-baka haka. Da namu ne, da kafin ki ƙifta ido na kwance miki shi." Ya ajiye. "Tela, yi sauri, na bar mutum a kujera da rabin kai. Na ce masa fitsari zan yi."

Rigar aiki ce fara mai tsawo, da aljihu a kowane gefe don mataji da almakashi. Kusan komai ya kammala. Tela ya riga ya haɗa daga ƙasa zuwa gindin aljihu tun kafin keken ɗinkinsa ya lalace a kai shi wurin mai gyara. Abin da ya rage kawai daga hammata zuwa bakin aljihu. Keken da ke gabansa yanzu kuwa na surukarsa ne, da safen nan aka kawo aro: baƙi, mai nauyi, furannin zinaren jikinsa duk sun goge, amma yana tafiya sumul kamar an shafa masa mai jiya.

Akwai abin da Tela yake taƙama da shi, duk layin an sani. Ba ya sa alamar alli a bakin aljihu. Ƙafarsa ce allinsa. Rigar babban mutum, daga hammata zuwa bakin aljihu, taki ashirin ne a kan feda, ba ƙari ba ragi. Shekara tara yana haka, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ya duba ɗan maɓallin da ke saita tsawon ɗinki, ya mai da shi kan uku kamar yadda yake a nasa keken, ya danna yadi ƙarƙashin allura.

"Ka duba abin da kake yi mana," in ji Mai Aski.

"Ni? Ai ido na masu koyo ne." Ya ɗaga kai yana kallon silin, yana taka feda yana ƙirgawa da ƙarfi, har da ɗan rausaya, don ya ga ko matarsa za ta yi murmushi. Ashirin cif ya tsaya. Ya juya ɗaya gefen, ya sake ashirin, wannan karon idonsa a rufe. Ya yanke zare, ya karkaɗe riga, ya miƙa da hannu biyu.

Mai Aski ya zura riga, ya juya gaban madubi, ya ja ciki ya koma. Ya kai hannun hagu aljihu. Hannu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya tattara yatsu, ya murɗa, ya ciji leɓe, ya danna da ƙarfin tsiya har hannun ya shige. Da ya zo fitarwa, agogo ya ce bai san zancen ba.

"Tela."

"Na'am."

"Aljihu ka ɗinka min ko tarkon ɓera?"

Injiniya ta sa littafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Tela ya zare tef daga wuya ya auna ɗinkin. Santimita talatin. Ya goge ido ya sake aunawa. Talatin. Abin da ya kamata ya gani ashirin da huɗu ne. Ɗinki ya zarce da santimita shida, ya cinye bakin aljihu.

"Ƙafata ba ta taɓa yi min ƙarya ba," ya ce a sanyaye.

"To keken ne. Wannan tsohon kwanon..."

"Kai, rufa min asiri! Keken surukata ne. Keken surukai ba ya laifi."

"Atoh," in ji Injiniya daga bayan littafi.

Tela ya sunkuya ya auna sukar allura ɗaya-ɗaya. Milimita uku kowace, daidai yadda ya saita. Taki kuma ashirin ne, kowa ya ji da kunnensa. Ƙafa ba ta canza ba, tsawon ɗinki bai canza ba. To daga ina shida ta ɓullo? Ya tsaya riƙe da tef kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo.

"Yadin ne ya miƙe," in ji Mai Aski. "Kimiyya ce. Zafi yana miƙar da abu. Ku fitar min da hannu."

Ba wanda ya kula shi, don Injiniya ta sauke littafin. Dariyar ta bar fuskarta, wani abu dabam ya maye gurbinta. Ta ɗauki guntun alli a kan tebur, ta durƙusa gaban keken, ta ja layi a jikin babban wili, zagayayyen ƙarfen nan da ke juyawa a ƙasa kusa da feda. Ta miƙe, ta bi igiyar bel ɗin keken da yatsa har zuwa ƙaramin wilin da ke sama, shi ma ta ja masa layi.

"Maigida, taka sau ɗaya. A hankali, kamar kana taka ƙwai."

Ya taka. Babban wili ya zagaya sau ɗaya. Ita kuwa idonta na kan ƙaramin. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu... biyar." Ta juyo. "Naka keken fa, sau nawa yake juyawa?"

"Huɗu. Tun ina koyo na ƙirga, ban sake bi ta kai ba." Ya leƙa ƙasa, a karon farko tun da aka kawo keken. Babban wilin surukarsa ya fi nasa faɗi, ko makaho ya shafa zai sani.

"To," ta ce. "Taki ɗaya, juyi biyar. Kowane juyi, allura ta soki yadi sau ɗaya, yadi ya matsa milimita uku. In ka taka sau ɗaya, nawa yadi zai tafi?"

"Takwas," in ji Mai Aski, bai ko numfasa ba. "Biyar da uku. Wannan ai lissafin 'yan aji ɗaya ne."

"Ka tabbata?"

"In ba takwas ba ne a aske min gashin baki."

"Wa zai aske?" in ji Tela. "Kai kaɗai ne mai aski a layin nan, ga shi hannunka na tsare."

Gani ya kori ji. Aka samo ƙyalle, aka yi masa alama, Tela ya taka sau goma don awon ya fito sosai. In Mai Aski ne da gaskiya, za a ga santimita takwas. Injiniya ta shimfiɗa tef da kanta. Goma sha biyar.

Mai Aski ya kai hannunsa mai 'yanci ya rufe gashin baki. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ita kuwa ta zauna a ƙasa daɓas, tef a cinya, tana magana kamar da kanta take. "Kowane ɗaya a cikin biyar ɗin nan yana ɗauke da nasa ukun. Uku, da uku, da uku, har sau biyar. Ta ina za a tara su? Dole a ninka. Yadi bai san ƙafarka ba, abin da ya sani shi ne ƙaramin wili. Ƙaramin wili ne ya san ƙafarka. Saƙo sai ya bi ta hannunsa." Ta ɗago. "A naka keken uku sau huɗu, sha biyu, taki ashirin ya ba ka ashirin da huɗu. A na Mama uku sau biyar, sha biyar, taki ashirin ya ba ka talatin. Ga shidanka nan, ba zafi ba ne, ba kimiyyar Mai Aski ba ce."

"Ni dai hannuna," in ji Mai Aski.

"Maigida, ka duba na waje, ka ga uku, amsa ta yi maka kyau a ido, ka ɗaga kai kana kallon silin. Ba ka leƙa na ciki ba." Ta fashe da dariya har da tafi. "Ashe ciwonmu ɗaya! Wata uku ina jin kunyarka, ashe gida guda muke jinya!"

Tela ya ji kunya, ba a cewa bai ji ba. Taƙamar shekara tara ta tafi a aljihu ɗaya, kuma a gaban Mai Aski, wanda bakinsa ya fi rediyo nisan zango. Amma rabon da ya ji wannan dariyar tun ranar da sakamakon farko ya fito. Ya lissafa a ransa, ya ga cinikin bai yi masa tsada ba.

Ta koma tebur da gudu. Ta zaɓi wadda ta fi ba ta tsoro, (x² + 1)³. Ta sauko da uku, ta mai da na sama biyu. Hannunta ya yi kamar zai ajiye biro, sai ƙafarta ta buga ƙasa sau ɗaya, tim, kamar mai taka feda.

"Saura na ciki," ta ce. "Wannan wilin nasa ba gudu ɗaya gare shi ba, yana tafiya yana ƙara wuta. Saurinsa biyu sau x." Ta ninka. "Karanto min ta sha ɗaya."

"Shida manne da x. Baka. X da ɗan tsuntsu biyu, a tara da ɗaya. A rufe baka. Wani tsuntsun biyu."

Ta juyo masa da takardar. Ya gwada su kamar yadda yake gwada hannun riga da ɗan'uwansa. Babu inda ɗaya ya fi ɗaya.

Ta yi ta sha biyu, tim. Ta sha uku, tim. Ana cikin ta sha huɗu wani bawan Allah ya leƙo shagon, tawul a wuya, rabin kansa fes, rabi daji.

"Malam, wannan fitsarin naka a wane gari ake yinsa?"

Sai a sannan Tela ya tuna, ya ɗauko reza ya farke santimita shida, hannun Mai Aski ya fito duniya. Ya tafi yana mita, yana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka balle aski. Zancen gashin baki kuwa ya bar shi a shagon, bai waiwaya ba.

Ranar Litinin Tela ya ɗinka wuyan riga a baibai har sau biyu. Da azahar ta dawo, ta ajiye jaka, ta sha ruwa kofi biyu kafin ta ce komai.

"Yaya?"

"Mai sa ido ya zo kaina har sau biyu. Ya ce, baiwar Allah, ɗinki kike ko jarrabawa? Na ce masa duka biyun." Ta ajiye kofin. "Akwai wata mai wili uku, abu cikin abu cikin abu. Ban sani ba ko na taka ta daidai. Sai dai mu jira."

Aka jira mako biyu. Kekensa ya dawo daga gyara, ya mayar wa surukarsa nata da godiya mai yawa, bai ce uffan game da aljihu ba, ko da yake daga irin kallon da ta yi masa ya gane labari ya riga shi isa. Ya kuma koma sa alli a bakin aljihu. In an tambaye shi sai ya ce allin ne ya yi yawa a shago.

Wata Laraba da la'asar yana cikin yanka sai ga ta a bakin ƙofa, takarda a naɗe a hannu, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Maigida, wane suna ne ma kake kirana da shi kwanakin baya? Na manta."

Sunan ya taho har bakin leɓensa. Ya haɗiye shi.

"Kawo in auna tukuna."

Ta miƙa masa. Ya bi layin da yatsa a hankali, har ya iso kan kalkulas. Sittin da biyu. Ya goge ido ya sake aunawa, ya duba sama, ya leƙa ƙasa, ya juya bayan takardar ko akwai wani wili da ya ɓuya. Babu. Sittin da biyu, kuma a gefe an rubuta ta wuce.

Ya naɗe takardar yadda take, ya ajiye almakashi, ya gyara zaman tef a wuyansa. Har ya kai ƙofa ya cika ƙirji da iska, sai ya tuna wani abu, ya leƙa shagon maƙwabcinsa.

"Mai Aski, ɗaga rezarka daga kunnen mutumin nan. Zan yi kira."